Tsofaffin Hotunan Bango: Daga Tashar Yokohama Zuwa Tashar Baro

 A wannan fitowa muna so mu ɗan waiwayi tarihi, tun da masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Maganarmu a kan hotunan da muke ratayewa a bangon ɗakunanmu da shagunanmu take, da kuma waɗanda ya kamata a ce mun rataye amma har yau ba mu yi ba.

Duk wanda ya shiga falon Bahaushe a yau, da wuya ya rasa hoton Ka'aba ko na Masallacin Madina, ko Ayatul Kursiyyu cikin gilashi, ko kalandar wani kamfani. Bayan waɗannan sai na ado, wato furanni da duwatsu masu ƙanƙara da dogayen benaye na ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. Yanzu kuma da ciniki ya koma cikin waya, a cikin kayan adon da ake tallatawa a intanet har da tsofaffin hotunan tashoshin jiragen ruwa na ƙasar Japan, irin su Yokohama da Nagasaki da Kobe, waɗanda aka ɗauka fiye da shekara 100 da suka wuce. Sai a sake buga su a takarda mai kyau, a sa musu firam da gilashi, mutum ya zare kuɗinsa ya saya ya kafa a falo ko a ofis. Mu 'yan kasuwa mun san ba a sayen abu sai yana da daraja. To, me ya ba tsohon hoton bakin ruwa, mai jiragen katako da 'yan dako, wannan daraja? Mu kuma nan Jihar Neja ba mu da irinsa ne?

Yadda Japan Ta Buɗe Ƙofarta

Mu dai ta hanyar kayanta muka san Japan. Toyota da Datsun, baburan Honda da Yamaha da Suzuki, da rediyon National da iyayenmu suke kama BBC da ita, duk daga can suke. Amma ƙasar nan da ta cika duniya da kaya, sai da ta yi fiye da shekara 200 ƙofarta a rufe. Tun daga shekarun 1630 masu mulkinta suka hana 'yan ƙasa fita, suka taƙaita shigar baƙi, sai 'yan kasuwar Sin da na Holan da aka bari su yi ciniki a Nagasaki. Su mutanen Holan ɗin ma, daga 1641 killace su aka yi a wani ɗan tsibiri da aka gina da hannu mai suna Dejima, ba su haurowa cikin gari sai da izini.

Ana nan haka, a 1853 sai wani hafsan sojan ruwan Amurka mai suna Matthew Perry ya zo da jiragen yaƙi 4, ya ce lallai sai an buɗe. A 1854 aka sa hannu a yarjejeniya ta farko, a 1859 kuma aka buɗe Yokohama da Nagasaki da Hakodate ga 'yan kasuwar waje, Kobe ta biyo baya a 1868. Ita Yokohama kafin nan wani ɗan ƙauyen masunta ne. Da jirage suka fara tsayawa suna lodin siliki da ganyen shayi, nan da nan gari ya bunƙasa. A 1872 aka buɗe layin dogo na farko a Japan, tsakaninta da Tokyo, tsawonsa kilomita 29. A yau ita ce birni na biyu wajen yawan jama'a a ƙasar, mutanenta sun haura miliyan 3 da rabi.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da ake buɗe waɗannan tashoshi ya zo daidai da lokacin da sana'ar ɗaukar hoto take yaɗuwa a duniya. A 1862 wani ɗan ƙasar mai suna Ueno Hikoma ya buɗe shagon hoto a Nagasaki. A 1863 wani Bature ɗan asalin Italiya, Felice Beato, ya sauka a Yokohama ya kama sana'ar. A wancan zamani a kan faifan gilashi ake ɗaukar hoto, sa'an nan a fitar da shi a takardar da aka shafa wa farin ƙwai. Hoton ba ya fita da launi, don haka sai su ɗauki masu zane 'yan ƙasa su bi shi da ɗan buroshi, su shafa shuɗi a ruwa, ja a tufafi, kore a itatuwa. Sai a haɗa su cikin albam mai bangon katako mai sheƙi, matafiya da ma'aikatan jirage su saya su kai gida tsaraba. Ka ga ke nan tun asali haja ce, don sayarwa aka yi su.

Abin da ya ƙara musu daraja kuwa shi ne, wuraren da aka ɗauka sun shuɗe. Gobarar 1866 ta cinye babban sashe na Yokohama, har da shagon shi Beato. Ran 1 ga Satumba 1923 aka yi girgizar ƙasar da ta rushe Yokohama da Tokyo, mutane fiye da 100,000 suka halaka. A 1945 jiragen Amurka suka yi wa Yokohama ruwan bama-bamai, ran 9 ga Agustan shekarar kuma aka jefa wa Nagasaki bam ɗin nukiliya. Kobe ma girgizar ƙasa ta ragargaza tasharta a 1995. Gine-gine sun tafi, mutane sun tafi, sai hotuna suka rage. Mutanen Japan kuwa ba su yi wasa da su ba. Sun bi su har ƙasashen Turai sun sayo, ɗakin karatu na Jami'ar Nagasaki ya tara dubbai, birnin Yokohama kuma ya buɗe gidan adana tarihinsa a 1981. Da yake masu hotunan sun daɗe da rasuwa, haƙƙin mallaka ya faɗi, kowa yana iya bugawa ya sayar. Dalilin da ya sa suka iso har wayoyinmu ke nan.

To, Mu Fa?

Wani zai ce ai mu mutanen tudu ne, ina mu ina tashar jirgin ruwa? Wanda ya faɗi haka bai binciki tarihin fatauci ba. Kafin dogo da mota, Kogin Kwara da Binuwai su ne manyan ƙofofin Arewa ta wajen kudu. Lakwaja, inda kogunan biyu suka haɗu, ta zama matattarar ciniki tun da Dokta Baikie ya kafa zango a wurin wajen 1860, Hausawa da Nufawa suka cika ta. A nan ne Lugga ya ɗaga tutar Ingila ran 1 ga Janairu 1900, ranar da mulki ya fita daga hannun kamfanin Royal Niger. A bakin Binuwai kuma akwai Loko, inda fataken Kano da Zazzau suke gangarowa ta Keffi da Nasarawa da jakunansu, ɗauke da kanwa da fatu da baƙin rini, su komo da gishiri da yadi da tarkacen Turawa.

Garin nan da muke zaune a gefensa ma yana da hannu a wannan labari. Kamar yadda aka sani, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya yiwo kudu ya sauka a Zuba, a ƙasar Koro da Gwari. Bayan rasuwarsa a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, shi ne ya kafa garin Abuja a 1828, wadda a yau muke kira Suleja. A zamanin Sarki Abu Kwaka, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1877, aka fara ciniki tsakanin Abuja da Bidda da Zariya. Hanyar fatake daga Lakwaja zuwa Zariya ta wannan ƙasa ta ratsa, kuma hujjar da Turawa suka kafa da suka kama garin a 1902 ita ce wai ana tare musu wannan hanya. Ashe ke nan abin da ake saukewa a bakin kwata a Lakwaja shi ya jawo bindigar Nasara har gindin Zuma. Mai son ƙarin bayani a kan sarakunan garin sai ya nemi littafin tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda Frank Heath ya fassara zuwa Turanci aka buga a 1952.

Baro, Ƙofar Arewa

Amma in ana maganar tashar da ta yi kama da Yokohama a tarihinmu, to Baro ce, wadda take bakin Kwara a ƙaramar hukumar Agaye, cikin jiharmu ta Neja. Ita ma ƙauye ce ta Nufawa kafin Turawa su sa mata ido. Abin da suka hango shi ne, in kogi ya cika da damina, manyan jirage suna iya tasowa daga bakin teku su iso har Baro. Saboda haka a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne, aka amince a shimfiɗa layi daga Baro zuwa Kano. Ƙarafan dogo da kawunan jirgi da taragai duk ta ruwa aka kawo su daga Ingila aka sauke a Baro. Layin ya bi ta Katcha da Badeggi ya isa Minna, tafiyar mil 111, ya wuce Kaduna da Zariya, ya shiga Kano a 1911, jimillar tsawonsa mil 350 da 'yan kai.

Kada mu manta da waɗanda suka yi aikin. Ba injin haƙa ba ne ya yi shi, hannun talakawa ne, da diga da shebur da kwando. Turawa su kan yanka wa sarakuna da hakimai adadin mutanen da za su kawo, a tsamo Nufawa da Gwarawa da Hausawa daga gonakinsu, ko suna so ko ba sa so. Aikin tilas ne, ko da yake ana ba su 'yan kuɗi. Da tsabar Turawa ake biyansu, da ita kuma aka fara neman su biya haraji, wannan yana cikin abubuwan da suka kori wuri daga kasuwanninmu. Duk wanda ya ga tsohon hoton aikin dogo, ya ga Bature da malafa a tsaye, bayansa jerin mutane da kwanduna a ka, to ya san kakannin wasu daga cikinmu ne yake kallo. Allah Ya jiƙansu.

Su Turawa auduga suka yi wa dogon, domin masaƙun Ingila. Amma manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, ba ta kuma hana su noman hatsi. Daga kakar 1912 gyaɗa ta fara kwarara tashar Kano har taragai suka kasa kwashewa. Manyan fataken goro da suka saba da hanyar Gwanja suka juya suka zama masu sayen gyaɗa. Cikinsu akwai Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, shi da tun yana Gwanja ya san amfanin jirgin ruwa, domin ta teku yake turo goro zuwa Ikko. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da hotonta, asalinta daga ƙarafan da aka sauke a Baro ne.

To, me ya sa Yokohama ta zama babban birni, Baro kuwa ta koma ƙauye? Dalilan a fili suke. Na farko, ruwan Kwara ba ya ɗaukar manyan jirage sai 'yan watanni a shekara, in rani ya yi sai yashi. Na biyu, layin da ya taso daga Ikko ya zo ya haɗu da na Baro a Minna, a 1912 aka haɗe su suka zama hukuma guda, a 1916 kuma aka gama gadar Jabba, jirgi ya daina jiran fito. Daga nan kaya suka fi son bin dogo kai tsaye zuwa teku. Duk da haka Baro ba ta mutu nan take ba. Kamfanoni irin su UAC da John Holt sun ci gaba da lodin gyaɗa da auduga da man kaɗe a jiragensu zuwa Burutu da Warri, har yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo ya tsayar da zirga-zirga a kogin. Bayan yaƙi sai zamanin kwalta da tirela, reshen dogon Minna zuwa Baro ya yi ta ja da baya har jirgi ya daina bi.

An yi ƙoƙarin farfaɗo da ita. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar da aka gina. Sai dai a shekarun da suka biyo baya jaridu sun yi ta kawo kukan mutanen yankin cewa tashar tana zaune ba aiki, saboda rashin hanyar mota mai kyau da rashin dogo da cikewar kogi. Mu da muke biyan kuɗin tirela daga Ikko ko Anacha mun fi kowa sanin abin da tashar ruwa mai aiki a jiharmu za ta rage mana. Amma yaya za mu nemi haƙƙin wurin da 'ya'yanmu ba su ma taɓa ganin hotonsa ba?

Ina Hotunanmu Suke?

Hotunan suna nan, ba a rasa su ba. Turawan mulki da na kamfanoni da 'yan mishan sun ɗauki Lakwaja da Baro da Jabba da Zungeru. 'Yan ƙasa ma sun yi wannan sana'a tun da wuri. Akwai Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny da ya rasu a 1905, wanda ya ɗauki tashoshin ciniki na bakin teku, akwai kuma George Da Costa na Ikko da ya ɗauki aikin shimfiɗa dogo. Gidan adana takardun tarihi na Ingila ya sa dubban hotunan Afirka na zamanin mulkin mallaka a intanet a 2011, har da na Nijeriya. A nan gida kuma akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, da Gidan Makama a Kano. Daga nan zuwa Kaduna kuwa tafiya ce da muke yi don saro kaya ba tare da mun ji komai ba.

Ban da na bakin ruwa, ita kanta ƙasar nan ta sauya a kan idonmu, irin sauyin da ke sa tsohon hoto ya yi tsada. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta tsai da shawarar gina sabon babban birni, aka ba shi sunan Abuja, tsohon garin kuma aka kira shi Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ma'aikatan farko na ginin birnin a Suleja suka fara zama, ran 12 ga Disamba 1991 kuma gwamnati ta taso daga Ikko. Wannan guguwa ce ta kwaso da yawanmu daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Zamfara, muka zo muka tarar da masu gari, Zagezagi da Gwari da Koro, suka karɓe mu. Inda a da gonaki ne da kurmi, yanzu gidaje ne da shaguna da gidajen mai tun daga Madalla har cikin gari.

Gwamnati ma ta san darajar abin da ke gabanmu. Takardar naira 100 da aka fitar a 1999 hoton Dutsen Zuma ne a bayanta. A bayan naira 20 kuma Ladi Kwali ce, mai ginin tukwane, wadda Bature Michael Cardew ya fara ganin aikinta a gidan Sarki Sulaimanu Barau, ta shiga makarantar tukwanen da ya kafa a garin nan a 1954, ta zaga Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, ta rasu a 1984. Muna ƙirga su a aljihu kullum, amma bangonmu sai furen ƙasar wasu.

Abin Da Ya Kamata Mu Yi

Mun san malamai sun yi maganganu a kan rataye hoton abu mai rai, a kan wannan kowa sai ya koma ga malaminsa. Amma hoton dutse da kogi da gada da jirgi da ganuwa, wannan ba a hana ba. Masu mutane a ciki kuwa ana iya adana su a albam don tarihi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiya da dattawa da matasa. Kowa ya koma gida ya buɗe akwati da adaka da ƙarƙashin katifa. Hoton tsohuwar kasuwa, na tsohuwar tashar mota, na ranar aza harsashin masallacin unguwa, na rumfar farko da mahaifinka ya kafa, na Zuma lokacin da ba gini ko ɗaya a gabanta, duk tarihi ne. A zauna da tsofaffi tun suna raye su faɗi wuri da shekara da sunayen mutane, a rubuta a bayan hoton da fensir, kada a sa biro domin tawada tana huda takarda. Matasa masu manyan wayoyi su ɗauki kwafi mai kyau. Kwafin ne za a buga a sa a firam, na asali kuma a mai da shi ambulan a ajiye inda ba danshi ba gara ba rana, kada a liƙe shi da leda mai zafi. Ƙungiya kuma ta wakilta mutum biyu ko uku su je Kaduna su nemo kwafin hotunan Baro da Lakwaja da tsohuwar Abuja, a rataye a ofishin ƙungiya da makarantun Islamiyyarmu, a rubuta bayani da Hausa a ƙarƙashin kowanne. Masu sana'ar firam a cikinmu ma ga haja ta samu, domin matafiyan da ke tsayawa ɗaukar hoto a gaban Zuma ba za su ƙi sayen tsohon hotonta ba.

Ba laifi ba ne mutum ya ƙawata ɗakinsa da hoton Yokohama ko Nagasaki, ilmi ne, Allah kuma Ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Amma mutanen can sai da suka tattara nasu suka adana kafin duniya ta saya. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda in sun je garin kakanninsu ake ce musu baƙi, a nan ma wani lokaci a ce musu baƙi, suna da bukatar su ga ta inda iyayensu suka biyo da abin da suka tarar da abin da suka gina. Gani ya kori ji. Tsofaffinmu kuwa kullum raguwa suke yi, in suka tafi da sunaye da shekaru a bakinsu, hoton zai zama takarda kawai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja lafiya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu da zuriyarmu, amin. Wassalamu alaikum.